Gusum da 'Yan'uwanta: Tarihin Sunayen Shiyyoyi a Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

Wata rana ina yaro, ina tsaye a bakin kasuwar Azare ina jiran mahaifina ya gama ciniki, sai wani dattijo mai rawani, wanda da ganinsa ka ga baƙo, ya dafa kafaɗata ya ce, "Samari, ina hanyag gusum?" Na yi shiru ina lissafa unguwannin garin da ƙauyukan da na sani, ban tuna da wani wuri mai wannan suna ba. Na ce masa, "Baba, a nan dai babu garin da ake kira Gusum." Dattijon ya yi dariya har da riƙe gemu. Da mahaifina ya iso ya ji abin da ya faru, sai ya nuna wa baƙon hanyar da ta yi kudu, suka yi sallama. A kan hanyarmu ta komawa gida ya ce da ni, "Bagobiri ne. Su a wajensu gusum ita ce kudu. Ka riƙe ta, wata rana za ta yi maka amfani."

Na riƙe ta kuwa, ga shi yau ta yi mini ranar da aka faɗa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun kalmomin da Bahaushe yake nuna shiyya da su, waɗanda suke raye da waɗanda suka tsufa, ta kuma duba yadda tarihin ƙasar Katagum ya yi ta sauya wa mutanenta shiyya alhali suna zaune wuri guda. Za a ga cewa sunan shiyya yana ɗauke da labarin wanda ya raɗa shi, da wurin da yake tsaye a lokacin da ya raɗa, da kuma inda ya sa gaba.

2.0 Bahaushe Mai Fuskantar Gabas

Idan Bahaushe zai jera shiyyoyi huɗu, cewa yake yi gabas da yamma, kudu da arewa. Da gabas yake farawa, kuma da dalili. Masana harshe da dama suna ganin kalmar gabas 'yar'uwar gaba ce, wato shiyyar da mutum yake ba gabansa. Ita kuwa yamma suna ɗaya take amsawa da lokacin da rana take sunkuyawa, kamar yadda Larabawa suka kira shiyyar faɗuwar rana da Magrib, kalmar da muka ara muka mayar da ita magariba. Mutumin da ya fuskanci gabas, to kudu tana damarsa, arewa tana hagunsa. Larabawa ma a kan wannan tsayuwa suka gina nasu lissafin, domin kalmar shimal a wajensu tana nufin hagu tana kuma nufin arewa, sunan ƙasar Yaman kuwa daga tushen da ke nufin dama ya fito.

Zuwan Musulunci ya ƙara wa gabas daraja a kan wadda take da ita. Alƙibla daga Azare tana gabas ne maso arewa, ta karkace daga tsantsar gabas da fiye da digiri 20, amma a bakin jama'a gabas da alƙibla abu ɗaya ne. Shi ya sa idan aka ce wane ba ya kallon gabas, kowa ya san an ce ba ya salla. Idan aka ce wane ya yi gabas a zamanin tafiyar ƙasa, ana nufin ya kama hanyar Makka, tafiyar da takan ci shekaru ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Idan kuwa almajiri ne aka ce ya tafi gabas, to Barno ya nufa neman tilawa da gyaran harafi, kuma duk gardin da ya dawo daga can, allonsa ma daban ake dubansa. Da alhazan da almajiran, da yawansu ta ƙasar Katagum suke ratsawa, kamar yadda har yau hanyar mota daga Kano zuwa Maiduguri take bi ta Azare da Potiskum.

Manomi ma da gabas yake lissafi. Daga can hadarin damina yake haɗowa, shi ya sa magina suka san bangon gabas shi ne yake fara zaizayewa, shi ake fi tsananta wa yaɓe. Ranar ƙarshe kuma, kabari daga kudu zuwa arewa ake haƙa shi, a kwantar da mamaci a kan damarsa, kai kudu, ƙafafu arewa, fuska gabas. Daga nan ne Hausa ta sami sakayar nan mai taushi da ake cewa wane ya kwanta dama.

Wannan sani ya ratsa har cikin ƙananan al'amura. A ƙauyukanmu, idan ana shimfiɗa tabarma, za ka ji tsohuwa ta ce wa jikarta ta ja ta yamma kaɗan. Idan aka sayar da gona, takardar shaida takan ce daga gabas ta yi iyaka da wane, daga yamma da burtali, daga kudu da wane, daga arewa da rafi, kuma da wannan jeri alƙali yake raba gardama idan magada sun tashi rigima.

3.0 Gusum da Hauni

Daga cikin sunaye huɗun nan, kudu ce take da kishiya. Gusum kalma ce ta Hausar yamma, ana jin ta a bakin Sakkwatawa da Gobirawa da Adarawa da sauran Hausawan da ke hayin iyaka a Jamhuriyar Nijar, kuma ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo ta. A can kalma ce ta yau da kullum, yaro ma ya san ta. Abin da ya rage mata ƙarfi a sauran wurare shi ne zaɓen da aka yi wa karin Kano ya zama tushen daidaitacciyar Hausa. Da aka fara buga littattafan makaranta a Zariya, aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sannan aka kafa Hukumar Hausa a 1955, sai kudu ta zama ita ce ta littafi da jarida da rediyo. Gusum ta koma kalmar da ɗan makaranta yake ji a bakin kakarsa, yana jin nauyin rubuta ta a jarrabawa. Ga ɗan Azare kuwa, wanda yake can ƙarshen gabashin ƙasar Hausa, sai ta zama tamkar baƙon yare, kamar yadda ta zame mini a bakin kasuwa.

Hauni kuma tsohuwar kalma ce mai nufin hagu. A yau da wuya ka ji ta ita kaɗai, sai dai a manne da abokiyarta, a ce an duba dama da hauni, ko jama'a sun kewaye sarki dama da hauni. Mawaƙa da marubuta waƙoƙi su ne suka fi riƙe ta, saboda tana da nauyi a baki, tana kuma cike gurbin da hagu ba ta cikawa a ma'aunin waƙa. Kalmar tana da ma'ana ta biyu mai ban tsoro, domin Hauni shi ne sunan mai zartar da hukuncin kisa a fadar sarakunan da. Wanda ya san matsayin hagu a al'adar Bahaushe ba zai yi mamakin haɗuwar ma'anonin biyu a kalma ɗaya ba. Da dama ake ci, da ita ake gaisawa, da ita ake bayarwa da karɓa. Wanda ya sami sarari an ce ya sami dama, mara lafiya idan ya ji sauƙi ya ce da dama-dama, amma fahimtar da ta karkace ita ce bahaguwa.

Abin lura a nan shi ne, kalma iri biyu take tsufa. Wata takan rasa ƙasa, kamar gusum da ta tsira a yamma ta ɓace a gabas. Wata kuma takan rasa fagen aiki, kamar hauni da ta bar kasuwa da gona ta fake a waƙa da kirari. Duk wanda ya ce wa ɗayansu matacciya ya yi gaggawar binne mai rai.

4.0 Katagum: Yammacin Wasu, Gabashin Wasu

Kafin jihadi, ƙasar da muke kira Katagum a yau tana ƙarƙashin tsofaffin masarautu ne irin su Shira da Tashena, da 'yar'uwarsu Auyo da ke ƙasar Haɗeja. Labarin gargajiya ya ce 'yan'uwa uku ne da suka fito daga gabas suka kafa garuruwan uku. Waɗannan masarautu suna bin Barno, ta hannun Galadiman Barno da ke zaune a Nguru, wanda aikinsa shi ne tsaron yammacin daular. Ke nan a idon mai mulki daga Birnin Gazargamu, ƙasarmu yamma ce, ita ce bakin iyaka da ƙasar Hausa.

Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, shi ya juya wannan lissafi. Malam Ibrahim Zaki ya karɓi tuta, ya ci Tashena da Shira, ya kuma kai yaƙi har Gazargamu ya shige ta, bayan shigar farko da Gwani Muktar ya yi mata a 1808. Bai zauna can ba, ya dawo ya kafa garin Katagum a bakin kogi, ya rasu a 1814. Daga nan hukunci ya koma fitowa daga Sakkwato. Da Shehu ya raba kula da daula tsakanin ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, yamma ta faɗa hannun Abdullahi, gabas ta faɗa hannun Bello, Katagum kuwa tana cikin masarautun gabas, har ma tana daga cikin na bakin iyaka. Garuruwan ba su gusa ko taki ɗaya ba, amma cikin 'yan shekaru sun tashi daga yammacin Barno sun zama gabashin Sakkwato.

Sarautun da aka raɗa a lokacin sun adana wannan tarihi. Sarkin Katagum da laƙabin Sarkin Barno aka san shi. Zuriyar Gwani Muktar da suka zauna a Misau su kuma ana kiran sarkinsu Sarkin Barno ta Gabas. Shi kansa sunan Guddiri da ake yi wa ƙasar da mutanenta, ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce daga kirarin da ke nufin ƙaramar Barno ya samo asali. Haka abin yake a sauran sassan daular, inda ake da Sarkin Gabas da Sarkin Yamma da Sarkin Kudu da Sarkin Arewa, kowannensu an auna shiyyarsa daga fadar da ta naɗa shi. Fulanin Adamawa ma ƙasarsu Fombina suke kiranta, wato kudu da Fulatanci. Wasu masana kuma suna ganin sunan Kanem daga kalmar da ke nufin kudu ya fito a harshen Barebari da Tubawa, domin ga mutumin da ya gangaro daga Sahara, ƙasar Tafkin Chadi kudu ce. Kowane suna a cikin waɗannan yana gaya mana inda mai raɗa shi yake tsaye.

A watan Janairu na 1824 wasu Turawa biyu, Kyaftin Clapperton da Likita Oudney, suka iso Katagum daga Kukawa, zamanin Sarki Ɗankauwa. Su daga gabas suka shigo mana, bayan sun keto Sahara daga Tarabulus. Clapperton ya bayyana garin da ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, ya kuma lura da cewa a nan ne ya fara ganin ana ciniki da wuri, domin a Barno da ya baro da ƙyallen saƙi da musaya ake saye da sayarwa. Wato ko a harkar kuɗi, Katagum ita ce mahaɗar gabas da yamma. Likita Oudney bai wuce ƙasar ba, ya rasu a Murmur ranar 12 ga Janairu, 1824, abokinsa ya binne shi ya ci gaba zuwa Kano da Sakkwato. Ba a jima ba, a tsakanin 1826 da 1827, Shehu Laminu na Barno ya taso da runduna ya ratsa ƙasar ya nufi Kano, har sai da Sarkin Bauchi Yakubu ya tare shi a Fake. Zama a bakin iyaka yana da riba a kasuwa, yana kuma da tsada ranar yaƙi.

5.0 Yadda Arewa ta Hau Sama

Turawan mulki sun karɓi Katagum a 1903, bayan faɗuwar Kano, suka haɗa ta da Lardin Kano. A 1916, zamanin Sarki Abdulƙadir, aka tashi hedikwatar masarauta daga tsohon garin Katagum aka dawo da ita Azare, tafiyar kimanin kilomita 70 kudu maso yamma. A 1926 kuma aka cire ƙasar daga Lardin Kano aka mayar da ita Lardin Bauchi. Wannan shi ne juyi na uku. Ƙasar da ta yi zaman yammacin Barno, ta yi zaman gabashin Sakkwato da Kano, yanzu ta zama arewacin Bauchi, kuma har yau da sunan Bauchi ta Arewa take aika sanata majalisar dattawa. Ƙaurar 1916 ta bar wani abin mamaki a taswira: Ƙaramar Hukumar Katagum a Azare take da hedikwata, shi kuwa garin Katagum na asali shi ne hedikwatar Ƙaramar Hukumar Zaki.

To amma babban sauyin da Turawa suka kawo ya fi sauyin lardi zurfi. Su ta teku suka zo, daga bakin ruwa suke auna ƙasa, saboda haka duk abin da ke ciki arewa ne a wajensu. A ranar 1 ga Janairu, 1900, Lugga ya ayyana mulkin Ingila a kan abin da ya kira Nijeriya ta Arewa. Kafin wannan rana, da za ka ce wa mutumin Katagum shi ɗan arewa ne, da ya tambaye ka arewa da ina. A saninsa arewa ita ce wajen Damagaram da Azbin, inda ayarin gishiri da kanwa yake fitowa. Akwai kuma ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, wadda mutanenta suke danganta kansu da wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari. Amma cikin shekaru hamsin sai kalmar ta zama sunan da jama'a suke kiran kansu da shi. An haɗe Arewa da Kudu a 1914, an kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1949, Malam Sa'adu Zungur na Bauchi ya sa kalmar a kan shahararriyar waƙarsa ta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, har ta kai ga mutum yana iya fushi ko alfahari saboda ita.

Kalmar jiha ma ta bi irin wannan hanya. Asalinta a Larabci shiyya take nufi, kuma da wannan ma'ana malamai suka fara amfani da ita. Daga baya aka ce Jihar Arewa, da aka yanka ƙasa jihohi 12 a 1967 sai Katagum ta sami kanta a Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, wato ta sake komawa kallon Barno. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Bauchi. Yau idan ka ce jiha, gwamna da sakatariya ne suke faɗo wa mai sauraro a rai, ma'anar farko ta shuɗe.

A makarantar boko kuma aka rataya taswira a bango, arewa a sama, aka koya wa yaro ya fara jeri da ita. Wannan tsari al'ada ce kawai ta masu zanen. Taswirar da al-Idrisi ya kammala a 1154 kudu ta sa a sama, taswirorin Turai na tsakiyar zamani kuwa da yawansu gabas suka ɗora a sama, kamar dai yadda Bahaushe yake jerinsa.

Su kansu Ingilishi sun yi asarar kalmomin shiyya. Suna da wata tsohuwar sifa, septentrional, mai nufin abin da ya danganci arewa. Daga Latin suka aro ta, inda asalinta yake nufin shanun huɗa bakwai, sunan da Rumawa suka ba wasu taurari bakwai da ke kewaya tauraron arewa. Marubucinsu Chaucer ya yi amfani da ita wajen 1391, a littafin da ya rubuta wa ƙaramin ɗansa a kan usɗurlabi, na'urar auna taurari da malaman Musulmi suka daɗe suna gane alƙibla da lokutan salla da ita. Kalmar ta yi zamani a bakin masana taurari da masu zanen taswira, sannan kalmar gida mai sauƙin faɗa ta ture ta, har ta zama sai a ƙamus da tsofaffin littattafai. Amma a Faransanci tana nan da ranta. Saboda haka ɗalibin Maraɗi, wanda yake karatu da Faransanci yake kuma jin Hausar yamma a gida, yana iya sanin septentrional da gusum duka biyu, alhali takwaransa na Azare bai taɓa cin karo da ko ɗaya ba. Iyakar da Ingila da Faransa suka shata ta raba har da tsofaffin kalmomi.

6.0 Abin da ke Salwanta

Mai karatu yana iya cewa, to mene ne abin damuwa, tunda kudu tana biyan buƙatar da gusum take biya? Amsa ta farko tana nan a ƙasar Katagum kanta. Mutanen Shira da Tashena da Auyo suna da harsunansu, Shiranci da Tasanci da Auyakanci, dangin Badanci da Ngizimanci. Dukkansu sun mutu, Hausa ta haɗiye su, abin da ya rage sai 'yan jerin kalmomi da wasu baƙi suka rubuta. Babu harshen da yake mutuwa dare ɗaya. Da kalma ɗaya-ɗaya yake zubewa, kowace ana cewa ai akwai madadinta. Hausar da ta gaje su a wannan ƙasa, wato Guddiranci, wadda Dauda Bagari ya yi nazari a kanta a 1982, ita ma yanzu tana fuskantar matsi daga Hausar rediyo da fim da littafin makaranta, har wasu samarinmu suna jin kunyar karin iyayensu idan sun shiga Kano.

Amsa ta biyu ta shafi karatun tsofaffin rubuce-rubuce. Waƙoƙin ajami na ƙarni na 19 da yawansu da Hausar yamma aka rubuta su, haka ma waƙoƙin makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Gobir da Zamfara. Ɗalibin da bai san gusum da hauni da ire-irensu ba, zai juya rubutun zuwa boko da kuskure, ko ya ɗauka sunan gari ne kamar yadda na ɗauka, ko ya gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Haka kuma mai nazarin tarihi da ya ga gabas a wasiƙar wani sarki, wajibi ne ya fara tambayar daga wace fada aka rubuto ta kafin ya ɗora yatsa a taswira.

Amsa ta uku ita ce ta rayuwar yau. A garuruwanmu kwatance ya koma sha kwana dama, sha kwana hagu, wayar hannu ma haka take faɗa wa direba. Dama da hagu suna juyawa da juyawar mutum, gabas kuwa tana nan inda take. Yaron da ya tashi da kwatancen kwana kaɗai, idan ya sauka baƙon wuri sai ya nemi mai nuna masa alƙibla, ko da rana tana tsaka da fitowa. Ranar da aka fito da takardar gonar kakansa a gaban alƙali kuwa, zai ji ana karanta iyakoki huɗu da harshen da ya sani, amma ya kasa nuna su a fili. Kakannin nasa da dare ma ba sa ɓata, domin tauraron arewa yana nan ƙasa-ƙasa a sararin Azare, kimanin digiri 12 daga doron ƙasa, taurari bakwai ɗin nan da Rumawa suka kira shanun huɗa suna kewaya shi.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa Bahaushe daga gabas yake fara lissafin shiyyoyinsa, kuma addini da noma da shari'a duk sun ƙarfafa wannan tsari. Ta nuna yadda gusum ta rasa ƙasa, hauni ta rasa fage, jiha ta sauya ma'ana, arewa kuma ta tashi daga sunan shiyya ta zama sunan al'umma. Ta kuma bi ƙasar Katagum daga zamanta yammacin Barno, zuwa gabashin Sakkwato, zuwa arewacin Bauchi, duk a cikin abin da bai kai shekara 130 ba.

Shawarar da za a bayar ga ɗaliban sashen Hausa, musamman 'yan ƙasar Guddiri, ita ce idan an tafi hutu a zauna da tsofaffi a Shira da Cinade da Gamawa da Katagum, a tambaye su yadda suke kiran shiyyoyi da iskoki da taurari, da yadda suke kwatanta iyakar gona, a rubuta da karinsu yadda suka faɗa, ban da gyara. Malamai kuma idan ɗalibi ya rubuta gusum, a ja masa layi a nuna masa daidaitacciya, amma a gaya masa tasa ma Hausa ce. Dattijon nan Bagobiri na bakin kasuwa ban sake ganinsa ba, mahaifina ma ya kwanta dama, Allah Ya jiƙansu. Kalmar da ɗaya ya tambaya ɗaya ya fassara ita ce na kawo wa mai karatu, da fatan shi ma zai riƙe ta.